Hasashen Wasannin Firimiyar Najeriya da Cacar Ƙwallo: Tambayoyin da 'Yan'uwa Ke Yawan Yi a Legas

Na fi shekara goma ina bin gasar ƙwallon ƙafa ta cikin gida daga nan Agege. Saboda an san ina rubuta sakamakon kowane mako a littafi, da wuya Asabar ta wuce ba a tare ni a teburin mai shayi ko a bakin gidan kallo an ce, "Malam, wa ka ba gobe?" Wasu don musu suke tambaya, wasu kuma da tikitin caca a aljihu. Ni ma na taɓa riƙe wannan tikitin, na kuma ajiye shi, don haka abin da zan faɗa a nan na san shi ta ciki.

Wace gasa ake nufi da Firimiyar Najeriya, kuma yaya tsarinta yake?

Ita ce babbar gasar ƙungiyoyin ƙasar nan, wadda ake taƙaita sunanta da NPFL. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace ta kara da 'yar'uwarta sau biyu, gida da waje, wato wasa 38 a kaka. Nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya, huɗun ƙarshe a teburi su faɗa ajin 'yan dagaji. Yawancin wasannin da ƙarfe huɗu na yamma ake take su.

Zuwa 2025, Enyimba ta Aba ce ta fi kowa ɗaukar kofin, sau tara, kuma na taran a nan Legas ta ɗaga shi a 2023, a filin Onikan, shekarar da aka gajarta kakar aka ƙare da zagayen ƙungiyoyi shida. Kano Pillars ta ci a 2008, ta sake jera uku a 2012, 2013 da 2014. Amma a dubi 'yan shekarun nan: Akwa United a 2021, Rivers United a 2022, Enyimba a 2023, Enugu Rangers a 2024, Remo Stars ta Ikenne a 2025. Kaka biyar, zakaru biyar daban-daban. Mai son hasashe ya fara riƙe wannan, domin gasar da kofinta ba ya kwana biyu a gida ɗaya ba a yi mata hukunci da sunan ƙungiya.

Da gaske ne mai gida ba ya faɗuwa a wannan gasar?

Akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi a maganar. Kano Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta je filin Sani Abacha ta ci ta 2-1. Kirarin "Sai Masu Gida" ba a banza ya zauna ba. Haka ma sauran filayen: ƙungiyar da ke can ƙasan teburi tana iya karɓar ta saman teburi ta lallasa ta, mako na gaba kuma ta je waje ta kasa ko buga ƙwallo ɗaya ta nufi raga.

Dalilan a fili suke ga wanda ya taɓa hawa motar dare daga Legas zuwa Arewa. Yawancin ƙungiyoyin nan a mota suke tafiya. Daga Maiduguri zuwa Legas ya haura kilomita 1,500, daga Kano kuwa kusan 1,000 ne. Ɗan wasan da ya kwana biyu a kujerar bas, ƙafa a kumbure, ya ci abincin da bai saba ba, ya fito daga busasshen iskar Arewa ya faɗo cikin gumin bakin teku, ba shi ne wanda ka gani a filinsu makon jiya ba. Ga tsoron hanya: a 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa suka jikkata. Sai filin kansa, wani ciyawar roba, wani ciyawar Allah mai tudu da kwari. Sai kuma 'yan kallo da matsin da suke yi wa alƙalin wasa, wanda kowa ya san ana kuka da shi a gasar nan tun fil azal.

Sai dai abin ya fara sassautawa. Yanzu ana samun nasarar waje fiye da yadda muka taso muka gani, musamman a wasannin da ake haskawa kai tsaye. Kuma kafin ka ce ka samo sirrin cin kuɗi, karanta amsar da ke ƙasa kan bin masu gida kawai.

Me ya kamata in duba kafin in yi hasashen wasa?

Abu na farko, a ina za a buga? Kada ka ga sunan ƙungiya a hagu ka ɗauka tana gida. A gasar nan sau da yawa ana kora ƙungiya daga filinta, ko don filin bai cika sharaɗi ba, ko don magoya bayanta sun tada tarzoma, sai ta koma wani gari tana karɓar baƙi a gaban kujeru wayam. Wannan "gida" na takarda ne kawai. Na biyu, raba teburin biyu a littafinka: makin da ƙungiya ta samu a gida daban, na waje daban. Teburin da aka haɗe yana ɓoye gaskiya, domin ƙungiya tana iya zama ta shida alhali duk makinta a filinta ta tara.

Na uku, kwana nawa tsakanin wannan wasa da wanda ya gabata, kuma daga ina suka taso? Wadda ta buga Laraba a Fatakwal za ta buga Lahadi a Katsina ba daidai take da wadda ta kwana a gida ba. Haka waɗanda ke buga gasar Afirka, sukan tara kwantan wasanni su zo suna biya a gajiye. Sai lokacin kaka: bayan hutun tsakiya ana sauya 'yan wasa da masu horarwa sosai, har ƙungiya ta dawo kamar ba ita ba. A makonnin ƙarshe kuwa, wadda ke gudun faɗuwa ta fi wadda ke zaune lafiya a tsakiyar teburi yunwa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowane teburi, shi ne albashi. Yawancin ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi ne ke da su, kuma ba baƙon abu ba ne a ji 'yan wasa suna bin bashin watanni. Wanda mai gidan haya ke buga masa waya kafin ya shiga fili, zuciyarsa ba ta kan ƙwallo. Irin wannan labari a bakin 'yan jaridar garin ake jin sa, ko a rediyo, kuma sau da yawa sai bayan an tashi wasa yake fitowa. Game da ƙwallaye kuwa, gasar ba mai yawan zura ƙwallo ba ce. 1-0, 2-0 da 2-1 su ne abincin yau da gobe. Tarihin da Mfon Udoh ya kafa a 2014 ƙwallo 23 ne a kaka guda, Ahmed Musa kuma da 18 ya zama gwarzon masu cin ƙwallo a 2010.

Lambobin nan da ake rubutawa gaban kowace ƙungiya, irin 1.50 da 6.50, me suke nufi?

Farashi ne. Idan an rubuta 1.50 gaban mai gida, wanda ya zuba ₦1,000 zai karɓi ₦1,500 in ta ci, ribarsa ₦500. Idan an rubuta 6.50 gaban baƙuwa, ₦1,000 za ta dawo ₦6,500. Ƙaramar lamba na nufin kamfanin caca yana ganin abin zai faru, babba na nufin da wuya.

Ga lissafin da ba a liƙa shi a bangon shago. Mu ɗauki misali: gida 1.50, kunnen doki 3.60, waje 6.50. Raba 100 da kowace lamba, za ka samu kusan 67, da 28, da 15. Haɗa su: 110. To ai yiwuwar abu ba ta wuce ɗari bisa ɗari, daga ina goman nan ta fito? Ita ce ladar kamfani, an cusa ta cikin farashin tun kafin a busa usur. A wannan misalin, duk ₦1,000 da jama'a suka zuba, abin da zai koma hannunsu a jimlace kusan ₦910 ne, ko wa ya ci wasan. Gwada da kanka a kan kowane wasa ka gani a allo, da kalkuletar wayarka. Ba za ka taɓa samun jimlar ta tsaya a 100 ba.

Tunda masu gida sun fi ci, me zai hana in riƙa bin su kawai?

Abin da zai hana shi ne kamfanin ma ya sani. Duk abin da na lissafa a amsar mai gida, tafiyar mota da fili da 'yan kallo, yana cikin kwamfutarsu da sakamakon shekaru masu yawa, shi ya sa suke karya farashin mai gida har ya koma 1.30 ko 1.40. A farashin 1.40, sai ka ci fiye da bakwai cikin kowane wasa goma kafin ka tashi ba riba ba faɗuwa. Ka ci bakwai daidai: ₦400 sau bakwai, ₦2,800. Ka faɗi uku: ₦3,000. Ka yi daidai sau bakwai cikin goma, wanda a majalisa za a ce ka iya hasashe, amma aljihunka ya ragu da ₦200.

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane. Sanin ƙwallo yana sa ka fi abokinka na teburin shayi, ba ya sa ka fi wanda ya rubuta farashin.

Me ya sa kullum wasa ɗaya ne ke yanke mini tikiti?

Babu tambayar da na fi ji kamar wannan, kuma babu wadda ta fi ba ni tausayi. Wani ƙanena ɗan dako a kasuwar Mile 12, wanda tun asuba yake sauke kwandunan tumatir daga tirela, ya taɓa zaro mini takarda daga cikin hularsa, ta jiƙe da gumi, tsawonta ya kai kamu biyu. Wasa goma sha biyu, ya bi goma sha ɗaya da biro ya yi musu alamar daidai, ɗaya ya zagaye ta. Ya ce, "Yaya, dubi fa, saura ƙiris." A idonsa ba asara ya yi ba, kusa ya yi. Washegari ya sake yanka wata.

Ba ƙiris ba ne, kuma ba baki aka yi maka ba. Ka ɗauka kai gwani ne, kowane wasa ka zaɓa kana da yiwuwar dacewa kashi 70 cikin 100. In ka haɗa biyu, yiwuwar su zo tare ta koma 49. In ka haɗa biyar, kusan 17. In ka haɗa goma, ba ta kai 3 cikin 100 ba. Wato ko gwanin gwanaye ne, tikiti 97 cikin 100 za su yanke, kuma da yawansu wasa ɗaya ko biyu ne za su yanke su, domin haka lissafin yake tafiya. Jin "saura ƙiris" ɗin nan shi ne ƙugiyar da ke dawo da mutum.

Sannan ladar kamfanin da na bayyana a amsar lambobi tana hawa kan kanta a kowane wasa ka ƙara. In wasa ɗaya na mayar da ₦910 cikin ₦1,000, wasa goma a haɗe abin da suke mayarwa bai kai ₦400 ba. Shi ya sa za ka ga ana ta kwaɗaita doguwar tikiti da ƙarin garaɓasa, ana liƙa hoton wanda ya ci miliyoyi da ₦200. Sauran dubban da takardunsu ke zube a ƙasan shagon, yaro na share su da dare, ba mai ɗaukar hotonsu.

Akwai masu sayar da "tabbataccen sakamako" a WhatsApp da Telegram, suna cewa an riga an sayar da wasan. In saya?

Kada ka saya. Wanda ya san sakamakon gobe da gaske ba ya bukatar ₦5,000 ɗinka, da kansa zai je ya kwashe kuɗin ya yi shiru. Dabararsu tsohuwa ce: a tara mutum 90, a ce wa 30 gida, 30 kunnen doki, 30 waje. Dole kashi ɗaya su dace. Waɗannan 30 a sake raba su uku a mako na gaba. Bayan mako biyu akwai mutum 10 da suka ga "malamin" ya faɗi daidai sau biyu a jere, su ne za su biya kuɗi mai tsoka, su kuma jawo abokansu. Hotunan tikitin da suke nunawa kuwa, yaron da ya iya waya zai haɗa maka irinsu kafin shayinka ya huce.

Ba ina cewa ba a taɓa cuwa-cuwa a ƙwallon ƙasar nan ba. A 2013, a wasannin neman hawa aji na ƙananan ƙungiyoyi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine ta ci Babayaro 67-0, abin ya zama abin kunya a duniya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'an buga ƙwallo har abada. Amma lura, wannan don hawa aji aka yi shi, kuma waɗanda suka ƙulla ba su aiko wa kowa saƙo a waya ba.

Idan na faɗi, in ninka kuɗin a wasa na gaba, ai dole wata rana in dawo da asarata?

Fara da ₦500 ka riƙa ninkawa: 500, 1,000, 2,000, 4,000, 8,000, 16,000, 32,000. Faɗuwa bakwai a jere ta cinye ₦63,500, kuma ana bukatar ka zuba ₦64,000 a karo na takwas don ka tsira da ribar da ba ta wuce ₦500 ɗin farko ba, shi ma in farashin 2.00 ne. Faɗuwa bakwai a jere kuwa tana zuwa, ni ta zo mini. Kuɗin adashen da aka ba ni amana na taɓa a wannan hanyar, na yi wata huɗu ina biya, ina sauya hanya don kada in haɗu da masu shi a masallaci. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Doka ta yarda da cacar ƙwallo a Legas?

Ta yarda, ga kamfanin da ke da lasisi da kuma wanda ya kai shekara 18. Jihar tana da hukumarta mai kula da caca, wadda ke ba da lasisi. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin na jihohi ne, a ƙarar da Legas ce ta shigar tun 2008. Ma'anar wannan ita ce abin da ya halatta a dokar Legas ba lallai ya halatta a garinku ba. A Kano, a shekarar 2024 ɗin, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Wanda ya saba a nan ya koma gida hutun Sallah ya kiyaye.

Lasisi kuma ba ya sauya lissafin da ke amsar lambobi. Abin da yake nufi kawai shi ne akwai inda za ka kai ƙara in an hana ka abin da ka ci.

Wasu na cewa wannan ba caca ba ce, ilimi ne da nazari. Ina gaskiyar take a addini?

A raba abu biyu. Ka zauna a majalisa ka ce Pillars za ta ci 2-0, abokinka ya ce ƙarya ne, a yi ta musu har a kira Magariba, wannan hira ce, babu kuɗin kowa a ciki. Da zarar ka ajiye kuɗi a kan cewa in ta ci ka karɓi na wani, in ba ta ci ba a cinye naka, ya zama caca, ko da ka kwana kana nazari. Alƙur'ani ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, ya kuma yi umarni da a nisance su a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, inda ya bayyana cewa suna jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, suna kange su daga ambaton Allah da salla. Wanda ya taɓa tsayawa a sahu zuciyarsa na kan minti na 88 na wani wasa a Aba ya san abin da ayar ke nufi ba sai an fassara masa ba.

'Yan'uwanmu Kiristoci Hausawa da muke zaune tare a nan, su ma ban ji wanda limaminsa ya yaba masa wannan hanya ba.

Na so in daina na kasa, ko kuma ƙanena ne ya faɗa ciki. Me za mu yi?

Fara da lissafi na gaskiya. Buɗe tarihin asusunka na wata uku, ka rubuta duk abin da ya shiga caca a gefe ɗaya, abin da ya fito a ɗaya gefen. Kowa yana tuna ranar da ya ci, ba mai tuna ₦300 ɗin kullum, alhali ₦300 a rana ta haura ₦100,000 a shekara, kuɗin da zai kai mutum gida ya dawo har ya yi wa iyaye tsaraba. Bayan haka goge manhajar, ka nemi kamfanin ya rufe asusunka, ka fita daga duk zauren da ake turo lambobin tikiti. In kuɗin cinikinka a waya suke kwana, to da yamma ka miƙa su ga wanda ka amince da shi, ko ka tura gida tun kafin a take wasa. Ka sauya hanyar da ke bi ta ƙofar shagon. Kuma ka gaya wa mutum ɗaya, yayanka ko limamin unguwarku, domin abin a ɓoye yake ƙiba.

In ƙanenka ne, kada ka tozarta shi a gaban jama'a, kuma kada ka biya masa bashin a asirce ka yi shiru, gobe zai ciwo wani. Zauna da shi ku yi lissafin nan tare, ka karɓi ajiyar kuɗinsa in ya yarda. In ka ga ya daina barci, ya daina cin abinci, ko ya fara maganar ya gaji da duniya, wannan ya wuce nasiha, ku kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

To in na bar caca, ina zan kai son ƙwallon? Ana kallon gasar a Legas kuwa?

Ana kallo. Da muna da ƙungiyar MFM a nan filin Agege, wadda ta zo ta biyu a 2017, muna takawa da ƙafa mu je mu dawo, kafin ta faɗi a 2022. Sporting Lagos ta hau a 2023 ta sauka bayan kaka ɗaya, sai Ikorodu City ta hau a 2024 tana karɓar baƙi a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan, kusa da Obalende. Remo Stars ma Ikenne ba nisa, mutum zai je ya dawo a yini.

Ranar da ƙungiyar Arewa ta zo, ka fita da wuri saboda cunkoson gada, ka yi La'asar a Obalende, ka shiga ka nemi ɓangaren da kake jin Hausa na tashi. Ka taho da littafi da biro. Kafin a take, rubuta hasashenka da dalilinka a layi ɗaya, bayan an tashi ka rubuta abin da ya faru a gabansa. Nawa littafin na bana ya kusa cika, kuma shafin da na fi komawa ina dubawa shi ne na wasannin da na rantse mai gida zai ci aka tashi babu ci.